Bishiyoyin Bayan Ɗakin Umma

Gidanmu yana gefen Karshi, layin ƙarshe, wanda in ka wuce shi sai gonaki. A bayan gidan akwai kwazazzabo. Muna yara ɗan rami ne, tsallake shi muke yi da gudu. Da aka cika tudun sama da gine-gine, kowa ya malale tsakar gidansa da siminti ya juyo mana ruwansa, sai ramin ya buɗe baki. Daminar da na shiga jami'a ya cinye bayinmu na waje. Muna karyawa da safe muka ji rugum, muka leƙa, babu bayi babu buta. Abin da ke biye da bayin kuwa ɗakin Umma ne, wanda Abbanmu ya gina mata kafin ya rasu, ita kuma ta ce ba za ta koma kwana a falo ba ko da za ta farka a cikin ramin.

Da rani ya kusa ƙarewa na gama jarabawa na dawo gida, kaina wasai, ba karatu ba lakca, sai barci da danna waya. A lokacin ne matasan layinmu suka buɗe guruf na gyaran unguwa, aka ba ni admin saboda duk layin ba wanda ya kai ni saurin yatsa. Kafin mutum ya gama rubuta sallama ni na amsa na tura sitika. Shugabanmu wani gaye ne da ya gama digiri yana jiran hidimar ƙasa, ba ya amsa kowane suna sai Ciyaman. Yana da son a sani, amma yana da ƙoƙari, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya yi ta zirga-zirga cikin gari har wata ƙungiya ta ba mu dashen mangwaro da kashu da darbejiya a ƙananan ledoji, da buhunan da za mu cika da ƙasa mu tare bakin ramin. Suka haɗa mana da riguna masu walƙiya, irin na masu aikin titi.

Ranar dashe an sha shagali. Kowa ya zura rigarsa, Ciyaman ya zo da igiya da tef ɗin awo, ya ce ba a yin aikin ilimi da ka. Aka ja layi a bakin kwazazzabon, aka kafa turaku, aka shafa wa kawunansu jan fenti don su fito a hoto. Ya kuma kafa wani allon ƙarfe mai sunan ƙungiyarmu. Sista mai kitso, maƙwabciyarmu 'yar Filato, ta kawo bokitin zoɓo mai ƙanƙara. Na yi hotuna har wayata ta yi zafi, sitatus ɗina ya zama kamar layin tururuwa. Umma tana kallonmu ta taga tana sa albarka. Na kwanta ran nan ina jin mun gama da ramin.

Bayan kwana biyu da safe na zagaya baya don in yi bidiyon ban ruwa, sai na tarar da ramuka fayau. Duk dashen an cire. Ba a karya ko ɗaya ba, an jere su a inuwar wata tsohuwar ɗorawa, kowanne da ƙasarsa a gindi, har da alamar an yayyafa musu ruwa. Turakun an tattara an ɗaure da igiyarmu. Allon Ciyaman an kifa shi a ƙasa.

Ina tura hoton guruf ya kama da wuta.

Wanda aka fara zargi shanu ne, don akwai rugar Fulani a tsallaken ramin. Wani ya rubuta cewa dama ya sani, wani ya ce a je a samu arɗonsu. Sai ga boyis ɗin Sista, saƙon murya, ana jin ƙarar diraya a bayanta: "Abeg ku yi hankali. Saniya zai cire itace ya jera a inuwa ya ba shi ruwa? Saniya zai ɗaure igiya? In akwai wannan saniya ku kawo mini, ina neman mai taya ni shago."

Aka yi dariya, amma maganar ta riga ta fita. 'Yar Fulanin da ke kawo mana nono kullum da hantsi wani ya tare ta a hanya ya gaya mata magana, sai ta daina biyowa ta layinmu. Umma ta yi kwanaki tana shan fura da madarar gari tana tsaki.

Daga shanu aka koma kan 'yan baban bola. Wannan ma bai zauna ba, don da su ne allon ƙarfen za su fara ɗauka, ba ganye ba. Sai aka koma kan wani ejan mai sayar da filoti da ke yawan shawagi a wurin da mota mai baƙin gilashi. Ciyaman ya ce tabbas shi ne, yana so ya yanka bakin ramin ya sayar wa wanda bai san damina ba. Muka sake dasawa, wannan karon har da ƙaya muka zagaye su. Aka sake cirewa, aka jera a inuwar ɗorawa, ƙayar ma aka tara ta gefe guda.

Daga nan zargin ya shigo cikin gida. Mutane suka daina magana a guruf suka koma biyo ni ta gefe. Wata ta turo mini, "Admin, ke ba ki lura ba, duk lokacin da aka cire Ciyaman ne ke fara cewa a koma a roƙo wasu?" Wani ya ce ai Sista ce, tana tsoron macizai su taru a bayan shagonta. Wani ya ce a binciki wanda bai zo ranar dashe ba amma ya fi kowa surutu. Ni kaina na fara kallon Ciyaman da wani ido. In ya gaishe ni sai in duba takalminsa ko da jar ƙasa. Shi ma na lura yana kallon nawa.

Ana cikin haka aka yi ruwan farko. Bai ma yi ƙarfi ba, amma da gari ya waye bakin ramin ya ƙara matsowa, kuma wata siririyar tsaga ta fito a bangon ɗakin Umma, daga ƙasan taga zuwa ƙasa. Umma ta dube ta, ta jawo sallayarta ta matsar gefe. Ni kuwa na ɗauko waya. Na rubuta a guruf cewa a fito a sake dasawa, mutum huɗu ko biyar suka fito, sauran suka turo hannun addu'a.

Washegari bayan sallar asuba ban koma barci ba. Na zauna a bakin tagar Umma da waya a hannu, kamara a buɗe. Gari ya fara haske, ana ganin komai, sai ga mutum ya ɓullo ta cikin gonar da ƙaramar fartanya.

Mama mai doya ce. Tsohuwa ce Bagbagyiya, 'yar asalin wurin, tun ina goye Umma ke sayen doya a hannunta. Kayanta a kafaɗa take ɗauka, ba a ka ba, kuma ba ta taɓa wuce ƙofarmu ba ta tsaya sun gaisa da Umma ba. Ta durƙusa a gaban dashen farko ta fara haƙa a hankali kamar mai tonon gyaɗa. Yatsana yana kan madannin, amma na kasa dannawa. Na zura hijabi na fita.

"Mama, ina kwana."

Ba ta firgita ba, ba ta ma ɗago ba. "Lafiya lau, yarinya. Ka tashi lafiya? Yaya Hajiya?"

"Tana lafiya. Mama, ashe ku ne kuke cire mana?"

"Ni ne."

"To me muka yi muku? Ramin nan ɗakin Umma zai ci."

Ta ciro dashen da ƙasarsa, ta ajiye a gefe, sannan ta dube ni. Ta dubi wayar hannuna fiye da yadda ta dubi fuskata.

"Wa ya aiko ku?"

"Ba wanda ya aiko mu. Mu ne kawai 'yan layi."

"'Yan layi." Ta nuna tudun sama da fartanya, inda rufin gidajen estet ke sheƙi. "Can gonar mijina ne. Waɗanda suka zo, irin wannan riga suka sa. Igiya, tef, turke mai jan kai. Suka ce gwata za su yi mana saboda ruwa. Ka ga gwata? Ni ban gani ba, geti na gani, da maigadi. Yanzu saura wannan bakin rami, shi ma kun zo da riga."

"Wallahi Mama mu bishiya kawai muke so."

"Bishiya kawai." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Babanka ya sayi wurin gida a hannun mijina, bai sa itace a nan ba, ya san ba nashi ba. Kai ka sa mangoro, ka sa allo da suna. Gobe na mutu, mangoro ya girma, jikokina su zo, a ce musu wa ya shuka? Wanda ya shuka shi ne mai wuri."

Na ce mata za mu iya rubutawa mu sa hannu cewa ba ma son filin. Ta ce waɗancan ma sun rubuta. Ta juya ta ci gaba da haƙa, ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni, har ta gama layin ta kwashe su zuwa inuwa.

Da na koma ciki na zayyana wa Umma, na zaci za ta hau faɗa. Faɗan ta yi, amma ni ta yi wa.

"Au, ba ku tambaye ta ba? Ni duk a zatona wannan mai surutun, Ciyaman ɗinku, ya je ya gaishe ta. Ku 'yan Abuja kun iya danna waya amma ba ku san komai ba. Ko a ƙauyenmu wanda aka ba aron gona dawa yake shukawa da wake, ba ya dasa itace. Ran da ya dasa, ran nan za a karɓe."

"To Umma ai ba mu sani ba."

"Shi kuma allon na mene ne? Ni ma tun ran nan nake kallonsa. Ki tabbata yaron nan ba wani abu yake shiryawa ba?"

Ban tura sunan Mama a guruf ba. Na kira Ciyaman a waya na gaya masa. Ya ce ai wannan jahilci ne, filin Abuja duk na gwamnati ne, kuma masu ba da dashen suna jiran hoton allo. Na ce masa, "Oga Ciyaman, hoton allo ba zai riƙe bangon uwata ba." Ya ce in kwantar da hankali. Na ce hankalina a kwance yake, amma in bai zo gidanmu da yamma ba zan cire shi daga guruf ɗin da shi ya buɗe. Ya zo.

Umma ta sa mayafinta na fita, ta ƙulla sabulu da sukari a leda, muka bi ta har gidan Mama, ni da Ciyaman ba riga mai walƙiya. Aka shimfiɗa mana buhu a ƙarƙashin rumbu. Suka daɗe suna gaisuwa, suka tambayi 'ya'ya da jikoki da ciwon ƙafa, kamar ba abin da ya kawo mu. Sai can Umma ta ce, "Mama, yara sun yi kuskure, ku yi haƙuri. Amma ɗakina zai tafi. Ku kuka san yadda za a yi."

Mama ta daɗe tana kallon ledar sukarin ba ta taɓa ba. Sannan ta ce za a dasa, amma ita za ta dasa da hannunta, kowane ɗaya. Mu namu haƙa rami da ɗebo ruwa da cika buhu. Ba riga, ba turke, allon kuma a mayar inda aka samo shi. Kuma sai a gaban shaidu, waɗanda ita za ta zaɓa.

Ciyaman ya ce a kira mai unguwa. Ta ce a'a, mai unguwa yana gaisawa da mai baƙin gilashi. Ita mai kitso take so, da yarinyar nan mai nono, don su biyun ba su da fili a nan, ba sa neman fili, kuma bakinsu ba ya shiru, kowa zai ji.

"Hoto fa, Mama?" in ji Ciyaman. "Ko guda ɗaya."

"Ka ɗauki hannuna da itace. Kar fuskarka ya shiga."

Samo mai nono ya fi komai wuya. Sai da Umma ta tsallaka har ruga da kanta ta ba ta haƙuri kan maganar da aka gaya mata. Mai nonon ta zo ranar dashen, ta sauke ƙwaryarta a inuwar ɗorawa, ta zauna nesa da samarin layinmu tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Aka fara aiki da sassafe. Mu haƙa, Mama ta zo ta sa dashe ta danne da tafin hannu, ta ɗago ta ce, "Kun gani?" Sista ta ce, "Mun gani, Mama." Mai nono ta gyaɗa kai. In wani ya miƙa hannu zai gyara mata ƙasa sai ta buge hannun. Samari suna cika buhuna suna jerawa a inda ruwa ke faɗowa, Sista tana tsokanar Ciyaman wai ba riga ya koma kamar ɗan aike. Har na fara jin daɗi, na fara tsara abin da zan rubuta a sitatus.

Sai muka iso bayan gidanmu.

Tsakanin bangon ɗakin Umma da bakin ramin akwai ɗan fili, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A nan Umma take shanya, a nan take daka in ba ta son ƙura a tsakar gida, a nan tsohon bayinmu yake kafin ya tafi. Duk rayuwata na san wurin namu ne. Mama ta wuce ramin da muka haƙa a baki, ta tako har kusa da bangon, ta buga ƙafa a ƙasa ta ce, "A haƙa nan."

Ciyaman ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Admin, kin gane abin da ake yi kuwa? Da bakinta ta ce wanda ya shuka shi ne mai wuri. Ga shaidu ta kawo."

Na gane. Na dubi Mama, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ko tun farko abin da take so ke nan, ko kuwa nan ne ya dace a sa itacen don ya riƙe bangon, har yau ban sani ba. Na je taga na ce, "Umma, fito ki gani."

Umma ta fito, ta dubi inda ƙafar Mama take, ta dubi igiyar shanyarta.

"Mama, nan ai Malam ya saya."

"Mijinka ya saya zuwa bango. Bayi da ya yi a nan, mijina ya bar shi ne saboda mutunci."

"Ba haka ya gaya mini ba."

"To su biyu duk sun tafi, Hajiya. Wa za mu tambaya?"

Ciyaman ya fara cewa akwai takardar fili, a ɗauko a auna. Umma ta ɗaga masa hannu. Ta san in aka ɗauko tef Mama za ta ɗauki fartanyarta ta tafi, gobe da safe kuma mu tarar da komai a inuwar ɗorawa, ga hadari kullum yana haɗuwa ta gabas. Ta juya ta dubi tsagar bangonta, wadda ta waje ma ana ganinta.

Sannan ta je ta kwance igiyar shanyar da kanta, ta naɗe a hannu.

"Ku haƙa mata."

Ni na haƙa. Mama ta zaɓi mangwaro mafi kyau a cikin waɗanda suka rage, ta sa, ta danne, ta ce, "Kun gani?" Sista ba ta amsa da wuri ba, sai da Umma ta dube ta. Mai nono ta ce, "Na gani," karon farko da na ji muryarta ran nan.

Daminar ta zo da ƙarfi. Ruwa ya tafi da wasu buhunan, muka sake cikawa, ya tafi da wasu dashen na can ƙasa, Mama ta sake sa wasu da hannunta. Ramin ya ɗan ƙara ci ta gefen gona, amma ta bayan gidanmu ya tsaya a inda buhunan suke. Ran da aka yi ruwan ƙarshe na ga bango yana nan, na yi ta tsalle a tsakar gida, na cika guruf da sitika har wani ya fita. Masu ba da dashe ba su sake ɗaga wayar Ciyaman ba saboda ba allo a hoton, ya yi fushi da ni na ɗan lokaci, ya huce.

Umma tana kwana a ɗakinta har yanzu. An toshe tsagar da siminti, shanya kuma ta koma tsakar gida. Suna gaisawa da Mama kamar da, tana sayen doyarta, amma yanzu sai ta juya kowace ɗaya ta duba kafin ta biya. Mama ma in ta zo duba itatuwanta, sai na ga tana kallon bangonmu kamar tana tsoron ya matso da daddare.

Mangwaron ya wuce tsayin taga. Hutun da ya wuce ina kwance a gadon Umma da rana ina danna waya, iska mai sanyi tana shigowa ta cikin ganyen, na ce, "Umma, gaskiya itacen nan ya yi."

Ta leƙa waje hagu da dama.

"Sakaya tagar nan," ta ce, "kar ta zo ta ce muna shan inuwarta."